Yadda Na Binne Sanda a Tudun Mai Shinkafa

A bayan gonata, yamma da Bande, akwai wani ɗan fili da na kewaye da aguwa. Nan ake binne baƙon da ajali ya riska a garinmu ba shi da kowa: falke, makiyayi mai wucewa, mahaukacin da ba a san garinsu ba. Mutane suna ce da wurin Kushewar Shinuwa. 'Yan lakkol, wato 'yan makarantar boko na yanzu, masu tambaya kamar jandarma, sun hana ni sakat: "Baba Ilu, wane ɗan Shinuwa ne ya mutu a Bande?" Babu. Ko kazarsu ba ta taɓa mutuwa a nan ba.

To, tunda ni ma na yi lakkol a Magaria har na kai ga rubuta sunana ba tare da na zaro harshe ba, bari in rubuta muku da hannuna. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo ya faɗa mini.

Zamanin Nasara aka ɗebe mu soja, ni da Sanda. Sanda ɗan kawuna ne, mutumin Guci, wato taubashina. Tun muna yara bai taɓa kiran sunana ba, sai "bawana". Ni kuma in ce masa "Bagidajen Guci", don bai san komai ba sai shanu. Ni ne mai ilimi. Allo na kai Sabbi na ajiye, lakkol na yi rabi mushe, malamin ajinmu, ya kore ni. A lissafina rabi da rabi ɗaya ke nan. Sanda ya ce a'a, tsaga biyu ne a ƙwarya ɗaya.

Yadda muka bar gida kuwa ba zan faɗa ba. Kuka ne, kowa ya san shi.

A Dakar na fara ganin teku, a nan kuma na fara ganin cuta sanye da kaki. Wani kabran, wato kofur, wanda ya ce ya je Andoshin, ƙasar da za a kai mu, ya dawo, ya tara mu 'yan Damagaram a gindin bango. Yana jin Hausa, irin ta bariki.

"Ba harsashi nake ji muku ba," in ji shi. "Harsashi sau ɗaya ne, an gama. Akwai wasu mutane can, Shinuwa, su ne attajiran ƙasar. Ba su barin gawa ta kwanta. Akwati suke sa ta, su jera a mangaza, ɗakin ajiyar kaya, kamar buhunan gyaɗa, in jirgi ya zo su yi lodi."

Sanda ya ce, "Su kai ina, kabran?"

"Ina ake kai kaya? Kasuwa mana."

Sai ga shi ya fito da layu, wai duk mai ɗauke da ɗaya, Shinuwa ba su ganin gawarsa. Sanda ya ba da gwadon da innarsa ta yi masa guzuri, ni na ba da gorona kaf. Daga baya tawa layar ta jiƙe ta buɗe, na ga abin da ke ciki: takardar ƙunshin sukari ce. Na karanta ta tsaf, amfanin lakkol ke nan. Layar dai ƙarya ce, amma tsoron da ya sayar mana na gaske ne, shi kam bai jiƙe ba.

Jirgin ruwa gari ne guda mai amai. Can ƙasa aka zuba mu, cikin tumbinsa, inda ba ka sanin gari ya waye sai an buɗe ƙofa. Muka tsaya Marsai, sanyi ya gaishe mu, muka wuce. Mu 'yan Damagaram muka kafa jam'inmu a wani lungu, aka sa ni liman, don ni kaɗai nake kai Sabbi ƙarshe ba tsallake. Alƙibla ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. Da safe in leƙa inda rana ta ɓullo, in ce, "Ga gabas," a tayar. Haka babana ya yi, haka kakana.

Wata rana muna cikin wani siririn teku mai zafi kamar bakin murhu, wani Balarabe mai zuba wa injin gawayi ya ja hannuna, ya nuna hagun jirgi yana cewa, "Makka! Makka!" Muka ruga muka dafe bakin ƙarfe. Ba mu ga komai ba sai ruwa da wani ja-ja can nesa. Sanda ya ce daga yau a riƙa ce masa Alhaji. Muka yi dariya, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa. Ku riƙe wannan, za a neme shi gaba.

Bayan Jibuti zazzaɓi ya kashe ɗaya daga cikinmu, mutumin Mallawa. Muka nemi ruwa mu yi masa wanka, aka hana, wai na sha ne. Ma'aikatan jirgi suka ɗinke shi cikin wani buhu mai kauri, har da takalmansa, suka ɗaura masa ƙarfe a ƙafa, suka ɗora shi kan katako. Aka busa usur, aka karkata katakon. Ƙarar da ruwan nan ya yi, har yau in guga ya faɗa rijiya sai na ji ta. Ko tsayawa jirgin bai yi ba.

Ranar Sanda bai ci abinci ba. Da la'asar ya same ni, ya kama gwiwar hannuna ya matse.

"Bawana."

"Me kuma?"

"Ba wasa nake ba. In na riga ka, kada ka bari a jefa ni ruwa. Kada a sa ni akwati. Ka wanke ni da hannunka, ka sa ni farin ƙyalle, ka kwantar da ni a ƙasa ina kallon alƙibla. Abin da za ka gaya wa Inna ke nan in ka koma. In ba ka da shi, kada ka taka Guci."

Na ce, "Kai da ba ka wanka da rai, sai ka mutu za ka fara?"

Bai yi dariya ba. "Ce ka ɗauki alkawari."

Na ce na ɗauka. Tun daga ranar na daina tsoron mutuwata. Ta Sanda nake tsoro.

Sai Saigon. Ba mu daɗe a birnin ba aka zuba mu a kamiyo, babbar motar soja, mu 'yan kaɗan da sarjan Nasara guda, aka kai mu gadin wata ma'aikatar casar shinkafa a bakin rafi. Ƙasa ce wadda ba ta san bushewa ba. Ka taka, ta tsotse maka takalmi. Ka shiga ciyawa, ka fito da matsattsaku rataye a ƙwauri. Waɗanda aka ce mu yaƙa ba mu taɓa ganin idonsu ba, sai dai ka ji tau daga cikin ganye, a ce wane ya faɗi. Wanda ya sayar maka da ayaba da safe, ba ka san ko shi ne da maraice ba. Kuma tsakani da Allah ƙasarsu ce, mu ne ba mu san abin da ya kawo mu ba.

Na tambayi sarjan, da Faransancina, ma'aikatar ta wa ce. Ya ce, "Shinuwa." Na waiwaya na dubi Sanda. Sanda ya shafa layarsa.

Mai wurin tsoho ne, gajere, siriri, da baƙar riga har idon sawu, da wani gemu wanda ko bunsurun Guci ya fi shi. Sunansa na gaskiya ya ƙi zama a bakinmu, sai muka sa masa Mai Shinkafa. An ce yawancin jiragen da ke rafin nasa ne, amma takalmin ƙyalle yake sawa. Bayan ma'aikatar ya gina asibitin talakawa, ya gina lakkol. Kullum da safe ana dama kunun shinkafa a manyan tukwane a ƙofarsa, duk wanda ya miƙo kwano a zuba masa, ba a tambayar ɗan wane ne. Na ce wa Sanda, "Kiwo yake yi. Kai da ka san shanu, ka taɓa ganin an tura wa sa dusa don a yi zumunci?"

Ya aiko mana abinci muka mayar, don mun ga aladu na yawo a bayan madafa. Ya turo tafintansa, wani mai tabarau da ke jin Faransanci, ya tambayi dalili. Washegari sai ga sabuwar tukunya wadda ko wuta ba ta taɓa gani ba, da buhun shinkafa, da akuya mai rai, da wuƙa, wai mu yanka da kanmu. Ina ci ina tsoro. Na dai ƙoshi.

Sanda ne ya fara lalacewa. Akwai wasu baƙaƙen shanu masu kama da ɓauna da ke jan amalanken shinkafa. Da ya sauka gadi sai ya tafi wurinsu, yana cire musu kaska, yana yi musu irin kiran shanun Guci. Tsohon yakan sa a kawo masa kujera, ya zauna yana kallo yana dariya, baki ba haƙori. Sanda ya yi masa Hausa, shi ya mayar da nasa yaren, su kwashe hantsi guda a haka.

Na ce, "Wai me kuke cewa ne?"

Ya ce, "Hirar masu dukiya ce. Bawa ba ya ganewa."

Wata rana da tsakar rana sarjan ya aike ni in zagaya bayan asibitin. Can na ga wani dogon ɗaki, ƙofa a buɗe, hayaƙin turare na fita. Na leƙa. Jama'a, akwatuna! Dogaye na katako, wani bisa wani har rufi, ga ƙanana, ga tuluna masu murfi, kowanne da jan rubutu a goshi. A bakin rafi kuma ga jirgi, ana lodinsu. Ashe kabran bai yi ƙarya ba. Ban san lokacin da na bar bindigata a wurin ba. Sai da na kai bariki na tuna, na koma ɗauko ta ina karanta duk abin da na taɓa haddacewa, har da waƙar lakkol.

Na gaya wa Sanda. Ya ce, "Mutumin da ke dariya da shanu?"

Na ce, "Mahauci ma yana yi."

Ruwa ya yi ƙarfi, mutanen cikin ganye suka karya gadar hanyar Saigon, ba kamiyo, ba lokotoro mai duba majiyyaci. Cikin wannan hali atini ya kama Sanda. Mutum kamar gindin kuka ya koma kamar karan dawa. Sarjan ba shi da komai sai kinin. Mai Shinkafa ya aiko mutane da gadon ɗauka su kai shi asibitinsa. Na tare ƙofa, na ce sai dai su bi ta kaina. Sanda daga kwance ya ce, "Matsa, bawana. Nan ma mutuwar ce, can ko akwai katifa."

Sun yi iya yinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba: allura, dafaffun saiwoyi masu ɗaci, ruwan shinkafa cokali-cokali. Ni ina zaune a gefen gado, idona kan ƙofar baya, wadda ke fita wajen dogon ɗakin nan. Tsohon yakan zo kullum ya zauna, ya riƙe wuyan hannun Sanda. Ni kuwa gani nake awo yake yi.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Sanda ya buɗe ido ya ce, "Ilu."

Sunana. Nan na san an gama. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa, ya tafi.

Ban sami sararin kuka ba. Sarjan ya zo ya tsaya daga nesa, ya toshe hanci da ƙyalle. Ya ce doka ce: ba hanya, ga zafi, a naɗe shi a bargon soja, a sa shi a ramin da ke bayan bariki, a zuba farar ƙasa, kafin azahar. Ramin nan na san shi, ruwa ne a ciki har gwiwa. Na ce wanka fa? Ya ce in na ƙara magana sai kaso, a kulle ni.

Yana juya baya sai ga ƙarti ɗauke da akwati, baƙi, mai sheƙi, kana ganin fuskarka a jikinsa. Mai Shinkafa na biye da su cikin fararen kaya, tafinta a gefensa.

Ga ruwa, ga akwati, abu biyun da Sanda ya ce kada. Na haye gadon na kwanta bisa gawar, na rungume ta, na yi ta ihu da Hausa da Faransanci a cakuɗe: "Ba na sayarwa ba ne! Yana da uwa! Ba na sayarwa ba ne!"

Tafinta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Sayarwa? Wa ya ce za a sayar?"

"Na ga mangazarku! Na ga jirgi!"

Ya juya wa tsohon maganata. Tsohon ya daɗe yana kallona. Sannan ya zauna a bakin gado wajen ƙafar Sanda, ya yi magana a hankali, tafinta na fassarawa.

Ya ce shi ma cikin tumbin jirgi ya zo ƙasar nan, ɗan dako, shi da wansa, ba su da komai sai sandar ɗaukar kaya. Wan ya mutu a teku, aka jefa shi yana kallo. Da uwarsu ta aiko tana tambayar inda za a je a share kabarinsa, ya rasa abin faɗa. A wurinsu, in ji shi, wanda ba a mai da ƙasusuwansa garinsu ba yana nan yana gararamba da yunwa, ba mai kiran sunansa. Don haka da ya fara samun abin hannu, kafin ya gina wa kansa gida, ɗakin nan ya gina. Duk talakan ƙasarsu da ya mutu a nan, shi ke ba da akwati, shi ke ba da jirgi, a kai shi ƙauyen da aka rubuta a goshin akwatin.

"Ya ce abokinka baƙonsa ne," in ji tafinta. "Faɗi sunan garinsu a rubuta. Bayan 'yan shekaru za a tono ƙasusuwan, a wanke, a sa a tulu, a aika wa uwarsa."

Na sauko daga kan gawar. Kunya ta kama ni, amma tsoron bai tafi ba, riga kawai ya sake. Ku dai ku auna: a shiga Guci da tulu, a ce wa Inna ga Sanda.

Na ce, "A gode masa. Amma mu ba a tono mu, ba a sa mu akwati. Ƙasa duk ta Allah ce. Ruwa mai tsabta nake so, da farin ƙyalle, da busasshen wuri."

Tsohon ya sa aka sake tambayata, da gaske ba za a mai da shi gida ba? Na ga abin ya yi masa ciwo, kamar na ce a yar da shi a juji. Amma ya ɗaga hannu. Aka kawo farin yadi sabo fil, aka kawo ruwan sama na randa. Sarjan kuwa, tsohon ya aika masa cewa wanda ya mutu a asibitinsa baƙonsa ne, in sarjan na son gawa ya zo ya karɓa da kansa. Tun da aka karya gada, sarjan shinkafar tsohon yake ci. Bai zo ba.

Na wanke Sanda da hannuna, 'yan'uwa na zuba mini ruwa. Na kwance layar kabran daga damtsensa na jefar. Na ce, "Ga wankan nan, Bagidaje, ka samu."

Busasshiyar ƙasa wuri ɗaya ce a duk yankin, wani tudu a bayan lakkol inda tsohon ke kwantar da mutanensa kafin lokacin tulu ya yi. Ya yankar mana kusurwa. Muka haƙa kudu da arewa, da ɗan siririn rami a tsakiya kamar yadda ake yi a gida. Sai muka rasa itacen jerawa. Ya tambayi me muke nema, aka gaya masa. Ya kira kafinta, ya nuna akwatin nan mai sheƙi, ya ce a farfasa, a yanka allunan daidai faɗin kabari. Tafinta ya juya baya don kada ya ga ana fasa akwati mai tsada haka.

Muka ajiye Sanda, kai kudu, fuska gabas, aka yi sahu, na tsaya zan ɗaga hannu. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Tafinta ne.

"Yana tambaya, ina kuke so ya kalla?"

"Ɗakin Allah. Makka."

Tsohon ya girgiza kai, ya nuna bayana.

Tafinta ya ce, "Ka yi haƙuri. Mu ma ba mu kwantar da mamaci sai an duba inda zai fuskanta, in an kuskure ba shi ba hutu. Shi ya sa ya kasa yin shiru. Ya ce Indiyawan da ke sayar da yadi a birni, masu sa goshi a ƙasa irin naku, mafaɗar rana suke kallo. Ya daɗe yana ganinku kuna kallon mafitarta, ya ɗauka ɗakinku daban ne."

Raina ya ɓaci. Ni, limamin Damagaram na Andoshin, mai kiwon alade zai koya wa alƙibla? Na ce, "Gabas ce alƙibla. Ko jinjiri a Bande ya sani."

Tsohon ya tsuguna da fararen kayansa, ya ɗebi ɓarɓashin ƙasar kabari, ya jera dunƙule uku. Ya taɓa na farko, tafinta ya ce, "Garinku." Ya taɓa na tsakiya: "Makka." Na ƙarshen kuwa ya buga ƙasa da tafin hannu a gefensa: nan. Ya ce a tambaye ni, jirginmu ya wuce Makka ko bai wuce ba?

Sai Balaraben nan mai gawayi ya faɗo mini a rai. Hagun jirgi. Alhaji Sanda. Mun wuce ta, muka yi ta tafiya, kullum rana na fitowa a goshin jirgi.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwa ba, har da ranar da harsashi ya cire mini hula. Sallolin da na ja mutane, wannan ana iya roƙon gafara. Kabari kuwa ba a sake shi. In na bi tsohon ya zama kuskure, na juya wa Sanda ƙeya ga Ka'aba har tashin ƙiyama, a kan maganar wanda bai taɓa alwala ba. In na bi babana da kakana, to su ko Kano ba su taɓa wucewa ba. 'Yan'uwa duk sun zuba mini ido. Wani ya ce, "Liman, rana na yi." Ba malami, ba littafi, sai ni da rabin ilimina biyu.

Na tsuguna na dubi dunƙulen ƙasar nan. Na tuna taswirar da ke bangon lakkol a Magaria, wadda mushe ya sha dukana a kanta. Na ɗaga kai na dubi tsohon, na dubi allunan akwatin da ya sa aka fasa don al'adar da shi bai yarda da ita ba. Na ce a raina, wannan me zai ci da ɓatar da gawa?

Na ce, "Ku juya shi."

"Liman?"

"Kai arewa. In laifi ne, a wuyana."

Muka zagaya muka ba gabas baya, karo na farko tun da aka haife ni. Na yi kabbarori. Muka saka shi bisa damansa, fuska yamma, muka jera allunan, muka rufe. Tsohon na tsaye daga nesa da tsinkayen turarensa. Ya dube ni, na girgiza kai, ya mai da su aljihu. Ya dai sunkuya wa kabarin, wannan ban hana shi ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. In na yi salla yamma in ji kamar na yi ridda, in na yi gabas in ji kamar na ci amanar Sanda. Ranar da aka gyara gada na roƙi sarjan farmisiyo, wato izinin fita, na shiga birni ina tambaya da hannu, ina sa goshi a tafina, har aka nuna mini masallacin Indiyawa. Na tarar ana la'asar. Na leƙa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Sahu-sahu suke, duk sun fuskanci inda rana ke gangarawa. Na zauna a bakin ƙofar na yi kukan da ban yi ba ranar.

Kafin a ɗauke mu daga wurin, Mai Shinkafa ya sa aka kewaye kusurwar nan da bango. Ya ce duk mai sa goshi a ƙasa da ya mutu ba shi da kowa, a kawo shi nan, ba akwati, ba tono. Wani mutumin Dungas da ya je bayanmu ya gaya mini tsohon ya rasu, an sa shi a jirgi an mai da shi garinsu kamar yadda ya mai da wasu, talakawa sun cika bakin rafi da fararen kaya. Ya ce asibitin na nan, kunun safe na nan, kusurwar ta ƙaru da mutane har da Larabawa, ana kuma share ta. Bayan wannan ban ƙara jin labari ba. Ban san inda Allah zai ajiye shi ba, ba a sa ni rabon masauki ba. Na dai san abin da ya yi.

Da na dawo na kai wa wani babban malami a Magaria maganar sallolin da na ja. Ya ce Allah na karɓar ta wanda bai sani ba, ni kuwa a ganinsa na cika wannan sharaɗi.

Sannan na tafi Guci. Inna na zaune a kan tabarma, ba ta yi kuka ba, tambaya ta yi.

"An yi masa wanka?"

"Da hannuna, Inna."

"Likkafani?"

"Sabo fil."

"A ƙasa?"

"Busasshiya, kan tudu."

"Yana kallon gabas?"

Na ce, "Yana kallon Ka'aba, Inna. Daga inda yake, in ya ɗan ɗaga ido ya tsallake ta, Guci yake gani."

Ta ce in maimaita. Na jera mata dunƙulen ƙasa uku a bakin tabarma. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki na ƙarshen ta ƙulle a gefen zane.

Da damina ta wuce na yanki filin nan daga gonata na kafa aguwa. Sunan ba ni na sa ba, mutanen Bande ne, don sun gaji da jin labarin.

Yanzu duk lokacin da na tayar da salla na fuskanci gabas, na san akwai wani can ƙetaren Ka'aba, kwance bisa damansa, ya zuba mini ido. Shi ya sa ba na gaggawa a ruku'u. Na ma san abin da yake cewa: "Bawana, har yanzu Sabbi?"